Gangata a Cikin Fiyanon Faruku

Adabka, ƙasar Bukkuyum.

Zuwa ga jikana kuma takwarana, Umaru Faruku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Kaduna lafiya, kuma ba ku gamu da kowa a hanya ba sai mai alheri. Tun da motarku ta tashi daga tashar Gummi bakina bai huta da roƙa maka tsari ba. Allah Ya tsare ka a zaune da tsaye, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka da kowa.

Kakarka Hajo tana gaishe ka. Ta ce in rubuta mata "maigidana". Na ce ina raye ba zan rubuta wa wani ƙato wannan suna da birona ba. Ta ce to in bar fili, za ta dangwala yatsa da kanta. Shuɗin da ka gani a gefen takarda nata ne.

Ka san da na so, da na sa ubanka Malam Sani ya kira ka a waya. Na ƙi. A waya kai kake cinye magana, kana ba ni dariya har in manta abin da na ɗauko. Kuma ban zauna kan benci da furfurata a ajin yamma ba, yara suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala, don in dawo ina neman mai ɗaukar mini magana. Kafaɗa ta ƙi ganga, wuyan hannu ya ƙi juya gula, amma yatsu suna riƙe biro in an lallashe su. In ka ga layi ya gangara, ka bi shi a haka.

Ga maganar da ka bar mini. Bara, kafin kafaɗar nan ta gama ƙi, ka kawo fiyanonka gida, wannan mai kwamfuta a cikinsa, mai gilashi a goshi kamar na waya. Ka rataye barguna a zaure don kada kukan awaki ya shiga, ka kafa makirfo a bakin gangata, ka ce in buga. Na buga maka muryoyinta ɗaya bayan ɗaya: babbar murya, ƙarama, bugun gefe, da na tafin hannu. Daga nan na buga maka taken manoman da na yi wa kiɗa tun ina saurayi. Kai kuma ka zuba su cikin injin, kowace murya ka ba ta haƙorinta, har ya zama in ka danna fari na farko sai gangata ta amsa daga cikin sifika. Tun wannan lokaci ban sake iya kiɗa ba. Abin da ke cikin fiyanon nan shi ne abin da ya rage na hannuna.

Yanzu mai sutudiyon da ya ɗauke ka aiki ya ji ta, ya ce yana so a sa ta a waƙoƙin mawaƙan da ke zuwa wurinsa, kuma ka riƙa fita da ita wuraren biki. Ka ce masa ba taka ba ce, sai ka tambayi mai ita. Ka durƙusa a gabana ka ce in na yarda, to. In ban yarda ba za ka goge ta, ka yi aiki da gangunan da masu ƙera injin suka zuba masa tun daga can. Na ce ka tafi, amsa za ta biyo ka. Ga ta nan ta biyo ka, amma tana can ƙasa. Na san halinka, kada ka juya takarda ka leƙa. Ka bi ta kan kurakuraina tukuna, don daga cikinsu amsar ta fito.

Kai ba ka tarar da gayya yadda take ba. A da, in aikin gona ya fi ƙarfin mutum, sai ya gayyaci mazan gari su taru su yi masa rana guda, shi kuma ya yi abinci, ya kira makaɗi. Makaɗin shi ne babana, daga baya ni. Yanzu gonakin nesa ma ba kullum ake iya zuwa ba, ka san dalili, Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Farkon da babana ya bar ni na fita da ganga ni kaɗai, gayyar huɗa ce a wata gona ta bakin fadama. Maza sun jeru da galma, Jatau yana gaba. Jatau shi ne babban manomin unguwarmu a lokacin, gajere ne, faɗinsa kamar ƙofa. 'Yan mata sun kawo fura sun zauna a inuwar kaɗanya, cikinsu har da kakarka. Da na ga ta ɗago kai, sai hannuna ya ɗauki zafi. Na dinga zuba kiɗa kamar ana bina da sanda. Manomi kuwa ba ya ƙin bin ganga a gaban 'yan mata. Suka bi ni. Kafin rana ta take, manya sun zube a gindin itace, samari suna haki, kunyoyin da aka huɗa sun karkace kamar sawun maciji.

Jatau ya soke galmarsa, ya tako har inda nake. Bai ɗaga murya ba.

"Ummaru, miƙo min gulag ga."

Na miƙa masa gula. Ya ba ni galma. Ya rataya gangata, shi da bai taɓa kiɗa ba, ya shiga jibgarta da irin saurin da nake yi.

"To bisimilla. Tahi da ita hak ƙarshen gona."

Ban kai rabin kunya ba na faɗi zaune. Dariyar da aka yi a gonar nan, kakarka ba ta gama tata ba har yau. Jatau ya ɗaga ni, ya kaɗe mini ƙasa, ya ce, "Ka gani? Ganga ba ita ag gaba ba, galma ta. Ka dubi wanda yaf fi kowa gajiya, shi zaka yi ma kiɗi."

To takwara, ni hannuna ne ya yi sauri, kuma hannu yana gajiya, da an bar ni da na rage da kaina. Naka injin ba ya gajiya, ba ya gani. In ka ɗora shi a kan sauri guda, haka zai tafi har gobe, ko da filin ya watse. Saboda haka in kana kiɗa a wurin biki, kada ka kunna shi ka dunƙufar da kai a kan gilashi. Ka gama duk danne-dannenka tun a gida, ka jera abin da za ka buƙata kusa da kusa, don idonka ya samu sukunin zama a kan mutane. Ka nuna mini ɗan abin murɗawar nan da ke rage sauri da ƙara shi. Yatsa ɗaya ya zauna kusa da shi kullum. Ka nemi tsohuwar da ta fi kowa nauyin ƙafa a cikin fili, ita za ka yi wa kiɗa. In ta ji daɗi, 'yan mata ba za su rasa nasu ba.

Wannan ya tuna mini ranar da ka danna abin nan da ke miƙe kiɗa, wanda ke jera kowane bugu daidai wa daida kamar an ja igiya. Ka kunna mini kana murmushi, kana jiran yabo. Ni ban ma kai ga magana ba, sai muryar Hajo daga bayan katanga, tana tankaɗe:

"Wa ka kiɗi cikin zaure? Wanga ba tsohon ga ba na."

Ka ce, "Inna Hajo, shi ne, gyara shi na yi."

Ta ce, "To maishe shi yadda ka ishe shi. Nawa yana ɗan ɗingishi."

Gaskiya ta faɗa, ko da yake ban gode mata ba. Ɗingishin nan ba kuskure ba ne. Nan ne manomi yake ɗaga galma ya ja numfashi kafin ya sake sara, sai ganga ta ɗan jira shi. Jatau ne ya sa mini shi a hannu da galmar nan. A sutudiyo maigidanka zai so komai ya tafi a miƙe don ya samu sauƙin haɗawa, kuma aikinsa ne, ya fi ni sani. Ya miƙe duk abin da ya ga dama a cikin kayan injin. Amma in gangata ce, ka roƙe shi da ladabi a bar ta da ɗingishinta, sauran kayan su jira ta. Ka kunna masa biyun ya ji da kunnensa, kada ka yi gardama.

Kuskure na biyu na ganganci ne. An kira ni gayya a wani ƙauye da ke hayin gulbi, wajen Gummi, tsakiyar damina. Babana ya ce in naɗe ganga da buzu, in ɗauki fatar ko-ta-kwana. Na dubi sama na ga tas, na ce a raina tsoho ya cika tsoro. Muna tsakiyar gulbi a cikin jirgi ruwa ya sauko. Da na isa gona na ɗaga gula na buga, sai na ji kamar an mari jiƙaƙƙen zane. Fata ta saki. Na ruga wurin da mata suke girki, na kara ta a wuta don ta ɗame. Da na bi ta a hankali da ta dawo. Amma maza suna jira, mai gona yana hararata, sai na matsa da ita har bakin murhu. Ƙarar da ta yi da ta fashe, sai da wata mata ta yar da muciya.

Ga maza a jere, ga makaɗi babu ganga. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Yaro, ganga ta ɓaci ko kai kab ɓaci?" Ta juye gari daga ƙwaryarta, ta kife mini ita. Da ƙwarya da tafi da maƙogwaro na kai gayyar nan har ƙarshe. Sun daɗe suna kirana mai kiɗan mata a ƙauyen, amma an gama huɗar.

Kai fatarka wuta ce. Janaretan wurin biki ba shi da alƙawari, yana iya shaƙewa, yana iya turo wuta fiye da kima. Kada ka taɓa jona fiyanon nan kai tsaye don ana gaggauta ka. Ka bi ta cikin akwatin nan mai daidaita wuta, ko da ango da kansa ya tsaya a kanka. Ka riga kowa isa, ka gwada komai tun ba mutane. In za a ɗora shi a babur, ka naɗe shi kamar jinjiri, ka san hanyarmu. Kuma ka ce mini ana iya kwafe duk abin da ke cikinsa a ɗan ƙarfen nan da bai kai yatsa ba, filash. To ka yi fatar ko-ta-kwana. Ɗaya a aljihunka, ɗaya ka aiko wa ubanka ya ajiye a cikin littattafansa, nan ne ba mai taɓawa.

Sai kuma abin da tsohuwar nan ta tambaye ni. Na taɓa ganin injinka ya sandare a wurin sunan ɗan maƙwabcinmu. Gilashi ya yi fari, kana kallonsa yana kallonka, mata sun tsaya da hannu a sama. Ran nan Allah Ya taimake ka ya farfaɗo da wuri. Wata rana ba zai farfaɗo ba. Kada ka bar yatsunka su zama masu danna "tashi" da "tsaya" kawai. Kowace rana ka kashe duk abin da ke kiɗa da kansa, ka buga da hannunka har ka yi gumi. Ka riƙa tafiya da ɗan kalangu a jaka. In inji ya ɓaci, mutane su ga makaɗi bai ɓaci ba.

Akwai wani ƙarami da zan cusa a nan kafin in manta. Na ga yadda kake ɗora kiɗa a kan kiɗa: ka buga ganga ka ajiye, ka dawo ka ɗora sarewa, ka dawo ka ɗora goge, kai kaɗai ka zama taron makaɗa. Ranar da na fara gani sai da na yi salati. Amma ni ma na taɓa gayyato abokai masu ganga har muka cika fili don a ce ina da jama'a, mawaƙinmu ya yi ta buɗe baki ba mai jin abin da yake faɗa, ya koma gida da dusasshiyar murya, ya yi mako ba ya amsa gaisuwata. Don injin yana da wurin ɗorawa ba shi ne dole ka cika ba. In mawaƙi ya shigo sutudiyo, ka fara jin muryarsa ita kaɗai, sannan ka san wa za ka gayyato.

Na ukun shi ne ya fi kusa da tambayarka.

Ka san mene ne take, amma bari in faɗa yadda babana ya faɗa mini. Take suna ne da ake kira da ganga. Kowane manomi da ya isa yana da nasa, makaɗi ne ke yi masa bayan ya daɗe yana kallon yadda yake sara da yadda yake taku. In an buga, mai shi zai bar abin da yake yi ya amsa, ya ɗaga hannu ya yi kirari. In ya rasu, taken ya zama na 'ya'yansa. Makaɗi riƙo kawai yake yi. Taken Jatau kuwa ya fi kowane daɗi a hannuna. Yana farawa a hankali kamar hadari daga nesa, sannan ya rufto.

Wata ranar kasuwar Anka, lokacin na yi aure har an haifi ubanka, wani baƙon attajirin hatsi ya tare ni. Ya ce in yi masa kiɗan da ya fi kowane daɗi. Jama'a ta taru, yana ta yi mini kyauta, kaina ya yi girma. Na ce a raina nan Anka ce, Adabka tana can, wa zai ji? Na saki taken Jatau.

Ashe Jatau ya kawo dawa kasuwar. Yana can ƙarshen layin hatsi ya ji ana kiransa. Ya bar buhunansa a buɗe, ya keto jama'a da gudu, hannu a sama, kirari ya riga ya fara fitowa daga bakinsa. Ya faso fili sai ya tarar da wani mai babbar riga yana rangaji. Ya tsaya. Ya sauke hannun a hankali.

"Ummaru, kirana kaka yi?"

Na ce, "A'a Baba Jatau, wasa na."

Ya ce, "To. In ka ba shi wanga, ni da mi za a kira ni?"

Ya juya ya koma wurin dawarsa. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. Amma duk daminar da ta biyo, in na buga takensa a gona, ko kai ba ya ɗagawa. Ban taɓa sanin ganga tana iya yin magana a ƙi amsa mata ba sai a lokacin. Sai da babana ya sa ni gaba, da goro a hannu, muka je har gida na ba da haƙuri. Ya ce ya wuce. A gayyar da ta biyo na buga, ya yi kamar bai ji ba, sannan ya wurga galma sama ya cafe, ya kwarara kirarin da aka ji har cikin gari. Mun rabu lafiya da shi, Allah Ya jiƙansa.

Wannan ne ya sa ban amsa maka nan take ba. Ni a kasuwa ɗaya na ba da taken mutum, kunnuwa kaɗan suka ji. Kai in ka sa shi a waƙa, zai shiga wayar kowa, a buga shi a shagon caji, a buga wa ɗan siyasa, a buga a inda ba wanda ya san akwai wani Jatau. A cikin injin kuma ba ya da nauyi, dannawa ɗaya ce.

Amma kuma na ga abin da na gani a bikin Gummi, makon da za ka tafi. Ka sa aka ɗauko ni a babur bayan la'asar, aka ba ni kujera kusa da sifika har haƙarƙarina yana rawa. Kana ta kiɗanku na zamani, samari suna tsalle. Can sai ka bar injin yana tafiya, ka zo ka sunkuya a kunnena.

"Kaka, angon nan ba jinin Jatau ba ne?"

Na ce jikan Kulu ne, Kulu kuwa ɗiyar Jatau ce ta fari, tana cikin gida.

Ka koma. Na ga ka kashe sarewa, ka kashe goge, ka kashe komai, fili ya yi tsit har mutane suka fara waige. Sannan ka sa yatsu a kan haƙoran nan, ka fara, a hankali, da ɗingishin da komai. Gangata ce, hannunka ne. Samari suka tsaya, ba su san shi ba. Sai ga tsohuwa ta fito daga cikin gida da ludayi a hannu, mayafi yana jan ƙasa, tana ture mutane.

"Wa ka kiran babana? Wa ka kiran babana?"

Ta iso tsakiyar fili ta tsaya. Sai ta ɗaga ludayin sama yadda yake ɗaga galma, ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Jatau na Adabka, mai riga hadari gama aiki! Ga ɗiyarka ta amsa!" Ta taka, kai kuma ka bi ƙafarta, ba ka wuce ta ba ko sau ɗaya. Ta jawo ango tana nuna masa sifika tana cewa, "Ka ji shi? Naku na, naku na!" Yaron da bai taɓa ganin uban kakarsa ko a hoto ba ya shiga fili yana rawa yana share ido.

Ubanka yana tsaye can nesa da allon ɗalibansa a hammata. Ka san bai taɓa son ka bi wannan hanya ba, ya yi shiru ne kawai don ni. Na hango ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin riga. Da muka haɗu na ce, "Malam, na ga ƙafa." Ya ce, "Baba, tururuwa ce." Na ce lallai tururuwar Gummi ta iya bin kiɗa.

Ban gaya maka ba a ranar, amma tambayar da ka zo ka yi a kunnena ta fi mini kiɗan. Ni sai da na ɓata damina guda kafin in koyi yin ta.

To da na ce zan rubuto maka sharuɗɗa masu tsauri, in ja maka rai. Sai ka ɓata mini shiri. Ranar da ka tafi, bayan la'asar, ubanka ya shigo zaure da wayarsa, ya zauna, abin da ba ya yi. Ya ce Faruku ya bar saƙo, ya ce kada a kunna sai motarsu ta yi nisa. Ya kunna. Na ji gangata. Na kasa kunne in ji taken wa ka ɗauko. Ba na Jatau ba ne, ba na kowa ba ne a cikin waɗanda na ba ka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a kaina, babu. Yana tafiya kamar mutum mai rataye da kaya a kafaɗar hagu, yana ɗan tsayawa kamar mai waiwayen na baya. Hajo ta leƙo da hannu duk ƙullu.

"Kai tsoho, ba ka gane tahiyarka ba? Kai aka kira!"

Sai a ƙarshe muryarka ta fito, ka ce, "Taken Ummaru mai ganga."

Takwara, makaɗi ba ya da take. Wa zai buga masa? Babana ya rasu ba shi da shi, kakana ma haka. Tun ina saurayi nake kiran mutane suna amsawa, ban taɓa sanin yadda abin yake a ƙirjin wanda aka kira ba. Ashe haka Jatau ya ji har ya bar buhunansa a buɗe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Hannun da ya ƙi gula ya tashi sama da kansa. Ba ni da kirari, ban taɓa tanada ba, sai kawai na ce, "Ga ni! Ga ni nan!" Hajo tana guɗa, awaki suka watse, ubanka yana dariya har rawaninsa ya kwance, kuma bai ce tururuwa ba ce. An kunna shi ya fi a ƙirga. Yaran unguwa sun riga sun haddace, in na fito masallaci sai in ji ana buga mini shi a kan galan.

In toshiya ce ka yi mini, to ta ci.

Ga amsarka. Kada ka goge. Muryoyin gangar, babba da ƙarama da bugun gefe da na tafi, na ba ka su halak malak. Ka sa su a waƙar duk wanda ya zo, in dai ba waƙar zagi ko ta batsa ba ce. Su shiga Kaduna, su shiga inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Ka gaya wa maigidanka mai ita ya yarda, kuma yana gaishe shi.

Taken mutane kuwa ba nawa ba ne balle in ba ka. Riƙo na miƙa maka, yadda aka miƙa mini. Na ga a gilashin ka sa musu lamba. Ka cire, ka rubuta sunan mai kowane, don duk wanda ya buɗe injin ya san da mutane a ciki. Ka buga shi inda jinin mai shi yake. In wani mawaƙi ya nace yana son ɗaya a waƙarsa, hanyar Adabka ba ta ɓace ba, a zo a tambayi masu shi, in sun yarda a faɗi sunansa a cikin waƙar. In wani mai babbar riga ya ce ka yi masa wanda ya fi kowane daɗi, ka ce ya ba ka lokaci ka kalli tafiyarsa, ka yi masa nasa. Ka iya, na ji da kunnena. Kuma kada ka tsaya ga masu riga. Ga 'yan acaba, ga masu haƙar zinariya da suka baro garuruwansu suka zo wajen Anka ba mai kiransu da komai sai "kai", ga matan da ke kwana tsaye a asibiti. Duk suna da taku.

Nawa kuwa, tunda ni ne mai shi kuma ina raye, na yarda ka buga shi ko'ina. In an tambaye ka na wane ne, ka faɗa da ƙarfi.

Abu ɗaya dai: wajen ƙarshe ka ɗan yi sauri. Ni yanzu ba na tafiya haka. Ka rage kaɗan, ka jira ni.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko ana tsakiyar ɗauka, injin zai jira, ka ce shi ba ya mantuwa. Ka ci abinci. Ka kira uwarka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa hannunka ya zama sanadin farin cikin mutane, Ya kare ka daga girman kai da mugun aboki. Allah Ya kai ka lafiya duk inda aka kira ka, Ya dawo mana da kai lafiya, ka same mu lafiya. In ka tashi zuwa, kada ka yi sallama a ƙofa. Ka tsaya a waje ka buga, zan fito.

Ni ne kakanka,
Ummaru mai ganga, wanda yanzu yake da take.